Amsar tambayarka kan awon kifi a bakin teku

Ɗana, na ga saƙonka. Kace jiya a Tema, nan bakin tekun Gana, kwale-kwale uku sun shigo maƙil da kifi, to meye amfanin mu tsuguna muna auna su ɗaya bayan ɗaya a kan allo, tunda ga kifi nan ido na gani. Tambaya ce mai kyau, nima nayi wa maigidana irinta lokacin ina kamarka.

Kaga shi wannan ƙaramin kifin teku da muke aunawa, sadinela, wanda ake bandarsa ana kaiwa har Kumasi da Tamale, garke yake yi. Ko saura kaɗan ya rage a teku wuri ɗaya zai taru, masunci mai inji da fitila ya same shi ya zagaye da taru ya kwashe, kai kana bakin gaɓa kace kifi ya yi yawa alhali wataƙila ragowar kenan. Haka akayi a Kanada da kifin kod, manyan jirage na ta dawowa cike har aka wayi gari a 1992 gwamnati ta hana kamunsa a gaɓar Niyufanlan, mutum wajen 30,000 suka rasa abin yi. Shi yasa kullum nake matsa maka ka tambayi mai jirgi awa nawa ya yi a ruwa, man fetur nawa ya ƙona, ina ya kai. In bara kwana ɗaya ya cika jirgi bana sai ya kwana uku, ai ka samu labari, kifi ya ragu kenan.

Sai allon. Ka dafa bakin kifin ya taɓa katakon gaba, ka miƙar da shi ba tare da ka ja ba, ka karanta ka faɗa da ƙarfi mai rubutu ya maimaita. Kuma don Allah ka daina zaɓen manya don sun fi daɗin riƙewa, na lura da kai ranar Litinin, ka ɗebi kwano guda yadda ya zo ka auna duka har ƴan mitsi-mitsin, domin su ne ma suka fi damuna. Dokar Gana tace sadinela kar ya gaza santimita 18, to in rabin kwanonka bai kai nan ba ana cinye kifin da bai taɓa zuba ƙwai ba kenan, wa zai haifi na baɗi?

Shi ne dalilin da muke farke ciki. Na mace zaka ga jaka biyu, in ƙwan ya nuna suna cika cikin taf, ruwan ɗorawa, har kana ganin ƙwayoyin da ido, na namiji fari ne. Daga irin wannan rubutun aka gane lokacin da ruwan sanyi ke tasowa daga ƙasan teku, wajen Yuli zuwa Satumba, shi ne babban lokacin zubin ƙwai, a kansa aka mayar da hutun kamun kifi na masu kwale-kwale watan Yuli a 2021 bayan an fara gwadawa a Mayu 2019. Masunta sun ji jiki wallahi, wata guda ba kamu ba wasa bane ga mai iyali, amma ni ina goyon bayansa in har za a tsare manyan jirage masu jan taru suma.

Ɗan dutsen kunne da ake cirowa daga kan kifi da hantsaki kuwa, layukansa ne ke nuna shekaru kamar na kututturen itace, sai dai a ruwanmu mai ɗumi basa fita sosai, shi yasa muka fi dogara da tsayi. Zan koya maka cire shi in hannunka ya ƙara faɗawa, karyewa yake da wuri.

Gobe Talata ba a fita ruwa, ka zo da littattafan watan jiya mu jera tsayin mu gani. Ka taho da fensir, biro baya jure ruwan gishiri.