Tambaya da Amsa: Wane Diril Ne Zai Iya da Dutsen Kufena?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗalibi ne a Samaru, mu biyar ne muke hawan dutse da igiya duk Asabar. Muna so mu kafa ƙusoshin maƙala igiya a wata fuska ta Kufena. Mun aro diril ɗin wani kafinta, muka yi rabin awa ramin bai kai gaɓar yatsa ba, bakin kuma ya ƙone. Wanne za mu saya?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗana. Ku saya wa kafinta sabon baki, ku mayar masa da kayansa. Kufena giranit ne, ƙanƙarar da ke jikinsa ta fi ƙarfen wuƙa tauri, diril na katako da bulo ba tsaransa ba ne.

Abin da za ku nema shi ne mai guduma a ciki, wanda aka rubuta SDS-plus a jikinsa, tsarin da Bosch ya fito da shi a 1975. Na kafinta karkarwa kawai yake yi. Wannan kuwa fistin gare shi, yana dukan bakin yana juya shi, dutsen na komawa gari. Makita, Hilti da DeWalt duk suna yin irinsa.

Ku ɗauki mai batir, mai ƙarfin wuta bolt 18, mai ƙarfin duka kamar jul 2 (ma'aunin ƙarfin dukan ke nan), nauyinsa kada ya wuce kilo 3. Na san matashi da son babban inji, amma a rataye za ka yi aikin nan, hannu sama da kai. Bayan rami uku kafaɗa za ta fara yi maka magana. Ka ɗaure diril ɗin da igiyarsa daban, akwai mutane a ƙasa.

Maganar batir, a nan na taɓa ƙonewa. Na sayi ɗaya a wani shago, an rubuta 5Ah, wato yawan cajin da yake ɗauka, da manyan baƙaƙe, a rami na biyu ya mutu. Da na kwance shi a gida, rabin cikinsa fanko ne. Don haka ku gwada a kan dutse a ƙasa, ku ƙirga ramin da caji ɗaya ke bayarwa. Kada kuma ku ajiye shi kan fa a zafin ranar Afrilu.

Abin da ya fi damuna shi ne ramin kansa. Duwatsunmu ɓawo suke yi kamar albasa. Kafin ka huda, ƙwanƙwasa wurin da guduma, ka kasa kunne. In ka ji ƙara siririya, "tin-tin", dutsen lafiyayye ne. In ka ji kamar an bugi ƙwarya, akwai kogo a baya, matsa gaba ko da wurin ya yi maka daɗi. Baki mai milimita 10 na ƙusa mai milimita 10 ne. In ƙusar da ake kafawa da gam ce, ramin yakan ɗara ta da milimita 2. Ka goge ramin da buroshi, ka hura da 'yar roba, idonka a rufe, ka sake har farin garin ya daina fita.

Ƙusar ma ba ta 'yan gini ba ce. A nemi ta ƙarfe marar tsatsa, mai lamba 316, mai tambarin EN 959 na ingancin ƙusoshin hawan dutse, wadda aka gwada ta ɗauki kilonyutan 25, kusan nauyin tan biyu da rabi. Damina ɗaya ta isa ta fara cin baƙin ƙarfe a cikin rami, inda ido ba ya kaiwa.

Kufena kuma wuri ne na tarihin Zazzau. Ku fara zuwa gaishe da mai unguwa ku nemi izini, sannan ramukanku goma na farko ku yi su a ƙasa, gaban wanda ya taɓa kafawa, ya ja kowace ƙusa ya gani.