Ana Tsangwamar Abokin Ɗakina Bayahude, In Tsaya Masa?

Tambaya: Malam, ina digiri na biyu a wata jami'a a Amurka. Abokin ɗakina Bayahude ne, mutumin kirki. Tun da yaƙin Gaza ya ɓarke a Oktoban 2023 ya daina fita da 'yar hularsa ta Yahudawa, makon jiya kuma aka zana masa alamar 'yan Nazi, mutanen Hitler da suka yi wa Yahudawa kisan ƙare dangi, a ƙofa. Zuciyata na tare da Falasɗinawa. In na tsaya masa, na ci amanarsu?

Amsa: Ba ka ci amanar kowa ba, ɗan'uwa. Tsaya masa, yau ɗin nan.

Wannan tunanin ne ke ci mini tuwo a ƙwarya a aikin kula da ɗalibai, kusan kullum sai an zo mini da shi: wai kowane Bayahude wakilin gwamnatin Isra'ila ne. Yaron da kuke cin abinci a kwano ɗaya, shi ya tura jirage Gaza? Ai mu ma mun ɗanɗana. Bayan harin 11 ga Satumban 2001, matan da ba su ji ba su gani ba aka riƙa fizge wa hijabi. In aka ce ka amsa laifin Boko Haram saboda kana salla, za ka yarda? A tantunan zanga-zangar goyon bayan Falasɗinawa a jami'ar Columbia ta Amurka a Afrilun 2024 ma akwai ɗalibai Yahudawa. Soki gwamnati son ranka, haƙƙinka ne. Amma razana mutum a ƙofar ɗakinsa zalunci ne, kuma aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana mu barin adalci don ƙin wasu mutane.

Masu turo saƙon WhatsApp wai Yahudawa ke juya duniya kuwa, su ji tsoron Allah. Takardar jabun da suke kwafa, wadda ake kira "Protocols of the Elders of Zion", a Rasha aka buga ta a 1903, jaridar Times ta Landan ta tona asirinta tun 1921, har yau ana talla da ita.

Ku ɗauki hoton ƙofar kafin a goge, ku rubuta rana da lokaci, ku kai ƙara a rubuce ga 'yan sandan jami'a da ofishin kula da ɗalibai. Kar ku yarda da "kwamiti na dubawa" a baki, sai an ba ku lambar ƙara. Sashe na 6 na dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964 ya haramta wariyar asali a makarantun da ke karɓar kuɗin tarayya, ya kare Bayahude, ya kare Musulmi. In jami'a ta yi burus, akwai Ma'aikatar Ilimi, amma kwana 180 kacal ake bayarwa don kai mata ƙara, daga ranar da abin ya faru. Gobe ka raka shi aji.