Gudun taro a harshen Yurok, da abin da "gurgudu" ke nufi

Tambaya: Malam, Allah ya ƙara sani. Malaminmu ya ce akwai wani harshe a Amurka, wai shi Yurok, mai kalma ta musamman idan mutane suka yi gudu tare. Na ce ai mu ma muna da ita, "sun gurgudu". Ya ce in sake tunani. Ina gaskiyar take? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malaminki ne da gaskiya, 'yata, amma ke ma kin taɓo wurin da ya kamata.

Yurok harshen wata al'umma ce ta 'yan asalin Amurka da ke zaune a arewa maso yammacin jihar Kalifoniya, a gaɓar kogin Klamath har zuwa inda yake malala cikin tekun Fasifik. Masanin harshe R. H. Robins ya wallafa nahawunsa a 1958. Dattijon da ake ɗauka shi ne na ƙarshe cikin waɗanda suka tashi da harshen a baki, Archie Thompson, ya rasu a 2013, sai dai al'ummar ba ta bar shi ya bi dattawa ba, yanzu ana koyar da shi a makarantun yankin.

A harshen, mai cewa "ina gudu" zai ce ro'opek'. Idan kuwa jama'a ce ta taso a dunƙule tana gudu, sai a ce lo'omah. Dubi yadda kalmar ta sauya kama. Ba a kan gudu kaɗai suke yin haka ba. Aikatau da yawa suna da sigar taro, wadda galibi ake samu ta hanyar cusa ɗan ɗafi bayan saiwar kalma: helomeyek' "ina rawa", helomeye'moh "muna rawa tare". Abin da sigar ke nunawa shi ne an haɗu an yi aikin a matsayin ƙungiya guda, ba yawan masu yi kawai ba.

To, nan "gurgudu" ta kauce. Mu Hausawa idan muka ninka gaɓar farko ta aikatau, rarraba aikin muke yi. A ce gobara ta tashi a kasuwa. Mai tumatur ya bar tirensa ya yi gabas, mahauci ya yi yamma da wuƙa a hannu, mai shayi ya tsallake benci ya faɗa lungu. Wannan shi ne "sun gurgudu", ko "sun guggudu" a bakin wasu: kowa ya yi ta kansa. Haka "sun firfita" ke nuna an fita ɗaya bayan ɗaya ko ta ƙofa daban-daban, "sun zazzauna" kuma kowa ya sami wurinsa. Paul Newman, wanda ya daɗe yana nazarin Hausa, ya bi diddigin wannan tsari a harsunan dangin Cadi, wato rukunin da Hausa take ciki, a littafinsa na 1990. Kada kuma ki manta "sun gudu" tsira ce ko tserewa, "sun yi gudu" kuwa ko ɗan wasa a fili yana yi.

Abin sha'awa, Yurok ma yana ninka gaɓa don nuna maimaicin aiki, amma bai haɗa wannan da sigar taro ba. Kowanne da hurumin sa.

In kina neman kalmomin Hausa masu ɗauke da taro a cikinsu, ki nemi "ɗunguma" da "rankaya". Mutum ɗaya ba ya ɗunguma. Ba za ki ji an ce "Audu ya rankaya gidan biki" ba, sai dai cikin raha, amma "mata sun rankaya gidan amarya" daidai ne, har kina jin guɗarsu. A ganina su ne suka fi kusa da lo'omah, illa dai tafiya suke nunawa, babu gudu a ciki. Sai mun ƙara wani abu: "suka ɗunguma a guje", ko "suka kwasa da gudu gaba ɗaya".

"Guje-guje" ma ba ta shiga, don ita kai-komo ce ko tsere, kuma a tsere kowa so yake ya bar ɗan'uwansa a baya. Idan malaminki ya nemi ki fassara lo'omah, ki ce masa "ɗunguma a guje".