Amsa ga Alhaji kan ɗakin sanyin da za a haɗa da iskar kabon ba famfo

Assalamu alaikum jama'ar gida. Alhaji, na saurari saƙonka tun bayan asuba, cunkoso ne ya riƙe ni a Oshodi, sai yanzu na samu wuri na tsaya. Ka ce wani ya kawo maka tayin haɗa ɗakin sanyin kifinka na Ijora da iskar kabon, wato CO2, wadda za ta riƙa zagaya bututu da kanta ba tare da famfo mai tura ta ba, kana tambaya ko damfara ce. Ba damfara ba ce, abin yana aiki. Amma na san abin da ke cin ranka, kuɗin dizal ne. To ka saurara da kyau.

Ka san tankin ruwan zafi na sola da ake ɗorawa a kan rufi, tanki a sama, faranti a ƙasa? Ruwan da ya yi zafi ya yi sauƙi ya hau, mai sanyi ya yi nauyi ya sauko. Haka wannan yake. Ruwan kabon yana saukowa cikin ɗakin, ya kwashi zafin kifi, ya tafasa ya zama tururi, ya hau sama, a sanyaya shi ya koma ruwa a tankin sama, ya sake saukowa. A digiri 30 ƙasa da sifili, kubik mita ɗaya na ruwan, wato mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi, ya haura kilo 1,000, tururinsa kuwa bai kai kilo 40 ba. Wannan bambancin nauyin shi ne famfon. Kuma kabon ba shi da kauri, yana gudu a siririn bututu ba wahala.

Amma wa zai sanyaya shi a can sama? Injin sanyi ne dai, na amoniya ko wani gas, da kwamfuresarsa. Ita ce mai cin wuta, kuma tana nan daram. Wutar famfo kawai ka huta da ita, da gyaransa. Duk wanda ya ce maka janareta zai huta, bai gaya maka gaskiya ba.

Yanzu ga inda Legas take da tata matsalar. Kabon yana da iyaka a digiri 31, matsi wajen bar 74 (bar shi ne ma'aunin matsi). Daga nan zuwa sama ba ka da ruwa ba ka da tururi, abu ɗaya ne ya cakuɗe. To wane ne a gidan nan bai san zafin Fabrairu da Maris ba? Da rana muna wuce 31 ɗin nan. Lokacin aiki bututunka yana wajen bar 14. An ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, an kwana an wuni, bututu ya ɗumama ya yi daidai da iskar waje, sai ka ga allurar gejin matsi ta nufi bar 70. A'a, bari in gyara, ba lallai ta kai nan take ba, kifin da ke daskare zai riƙe sanyi na ɗan lokaci, ya danganta kuma da yawan gas da aka zuba da girman tanki. Amma can ta dosa. Don haka bututun tagulla na iyakwandishan da ake saye a kasuwa ba ya cikin lissafi. Dole bawul ɗin sakin matsi, kuma masu yin abin da kyau suna ajiye ɗan ƙaramin injin sanyi a kan tankin, da layin wutarsa daban.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne, rawar da gudun ke yi ne. Tunda ba famfo, ba mai tilasta masa tafiya iri ɗaya. An buɗe ƙofa, mota ta sauke katan ɗari biyu, zafi ya ƙaru, tururi ya yi yawa, gudun ya yi tsalle. Sai ruwa mai sanyi ya kwararo da yawa, tafasar ta ragu, gudun ya faɗi. Da ya faɗi sai ruwan ya daɗe a wurin zafi, ya sake tafasa da ƙarfi. Haka zai yi ta yi, gaba da baya. Za ka ga allurar geji tana kaɗawa, ka ɗora hannu a bututu ka ji yana bugawa kamar zuciya, wani sashen ƙanƙara ta kama shi fari fat, wani yana zufa. Wani masani ɗan Suwidin, Welander, ya rubuta tun 1967 cewa a irin wannan zagayen gudun yana iya juyawa baya gaba ɗaya, musamman in wurin zafi da wurin sanyi suna daidai tsakiya, ba ɓangaren da ya rinjayi wani.

Wallahi na ga wannan da idona. Wani aiki da aka kira ni, ba zan faɗi wurin ba, ɗan kwangila ya sa bawul a bututun da tururi ke hawa, ya matse shi wai don ya rage gudu. Na ce masa matsewa a ƙofar shigar ruwa ake yi, ta ƙasa, ita ke kwantar da rawar, hanyar tururi kuwa a bar ta a buɗe, a ƙara mata faɗi ma. Ya dube ni ya ce aikina gyaran firiji ne, in tsaya inda Allah ya ajiye ni. Kullum sai su ce iska ce ta shiga, su buɗe su zubar da gas, su sake cikawa. Sati uku ana wannan! Ga kuma wani dogon bututu da suka kwantar, tsakiyarsa ya lotsa, ruwa ya taru a ciki ya toshe wa tururi hanya. Da igiya da kwalbar ruwa na nuna musu lotsawar. Kifin bawan Allah ya yi laushi, ya sayar da asara, shi kuwa ɗan kwangilar an biya shi cif. Har yau abin yana min ciwo, domin kuɗin gyaran bai kai na katan goma ba.



Gas ɗin kansa ina son sa. Ba ya kamawa da wuta, yana da araha, kuma ba ya cikin waɗanda yarjejeniyar Kigali ta 2016 ta ce a rage, irin su gas ɗin firiji R404A da muke saye da tsada. Sai dai ya fi iska nauyi kuma ba ya wari. In ya zuba, ƙasa yake kwanciya, kuma ka san yaranmu masu lodi a ƙasan nan suke miƙewa su huta. Na'urar gargaɗi kusa da daɓe za a sa ta, kada a maƙala ta a silin.

Alhaji, kafin ka ba da ko sisi, ka tambaye shi mita nawa ne tsakanin tankin sama da ɗakin, domin na san rufinka gajere ne, in ba tsawo ba gudu. Ya kuma rubuta maka matsin da bututunsa zai iya ɗauka. Ka ɗauki hoton zanen ka turo min, ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shigo Ijora da tef ɗina mu auna tare.