Tuksido mai araha: fara duba kafaɗa

Ɗan'uwa, ka ce ka ga tuksido (kwat da wando na zuwa biki, mai satin a kwala) mai araha a kasuwar Sabon Gari, kana tambaya ko zai yi maka dinar aurenka. Zai yi, amma fara duba kafaɗa. In ta zarce taka, bar musu kayansu. Tela zai rage wando, ya matse ƙugu, amma kafaɗa sai an farke kusan duk kwat ɗin. Hannun farar rigarka ya leƙo daga hannun kwat ɗin kamar santimita 1. Satin ɗin kwala ya dace da layin gefen wando. Yadin kuma, fito da shi rana ka gani: mai roba ƙyalli yake a hoto, ga zafi, tun kafin a yanka kek ka jiƙe da zufa. Ni dai na fi son mai maɓalli ɗaya.