Rabin kilon dankalin turawa kofi nawa ne?

'Yar'uwa, kin tambaya rabin kilon dankalin turawa kofi nawa zai ba ki, tunda ba ki da sikeli. Idan kin fere shi kin yanka ƙanana-ƙanana, kofin awo mai mililita 240 yana cin kusan giram 150. Ke nan rabin kilo zai ba ki kofi 3, wataƙila da ɗan ɗoriya.

Sai dai ya danganta da yanka. Manyan yanka suna barin sarari a tsakaninsu, sai kofi ya cika da wuri alhali nauyin bai kai ba. Dafaffe da aka murƙushe kuwa ya fi danƙarewa, kofi ɗaya kan kai giram 210, rabin kilo bai cika kofi 2 da rabi ba. Kuma kada ki auna da gwangwanin madara, bai kai kofi ba.