Amsar tambayarka akan ragon da na ce a mayar turke

Ɗana, ka tambaya meyasa na hana a yanka ragon nan da muka sayo a kasuwar dabbobi ta Gadarif alhali lafiyarsa ƙalau yana cin harawa, ga masu agashe suna jiran nama. Hujjata tana wuyansa, in ka shafa zakaji kumburi inda aka soka allura, kuma mai shi da bakinsa ya ce satin da ya wuce ya masa oksitetrasaikilin, maganin kashe ƙwayoyin bakteriya, wannan ruwan ɗorawa mai kauri da kowane makiyayi yake yawo da shi a aljihu. Ɗauki kwalbar ka karanta, kamfani ya rubuta kwanakin da za'a jira kafin yanka, mai daɗewa a jiki wasu kwana 21 ne wasu 28. Kafin lokacin maganin yana nan kwance a hanta da ƙoda da wajen allurar, kuma wuta bata cinye shi duka.

Amma abinda yafi tada min hankali yana cikin tumbi da hanji ne. Cikin kowace dabba cike yake da ƙwayoyin bakteriya, wasu basa komai, wasu irinsu Salmonella da E. coli suna kwantar da mutum da gudawa da zazzaɓi. To mutanenmu sai su yi allura ɗaya ko rabin awo don kwalba ta isa garke, dabba ta ɗan miƙe sai a bari, raunanan ƙwayoyin sun mutu, masu taurin kai sun tsira sunci gaba da hayayyafa, har suna miƙawa wasu ƙwayoyin wannan taurin. Wani ma ciwon baki da kofato ne ya kama shanunsa, wanda bairos ne ke kawo shi allurar bata taɓa shi, amma haka zai bi garke kaf yana tsira musu. Wallahi abin yana min ciwo, kuɗi sun tafi a banza kuma an horar da cuta.

Yanzu ta ina zata shiga mutum? Ta hannunka da wuƙarka. Kana fiɗa ka huda hanji toroso ya zubo kan nama, ka goge wuƙa a riga ka koma yanka, ka ɗora kan gungumen da ba'a kankare ba tun jiya, shikenan ka raba ta gida gida. Balle nan Sudan da ake cin marara, ɗanyar hanta da huhu da tumbi da albasa da barkono, ko wuta basu gani ba. Yaro ya kwanta, likita ya bada magani ya ƙi ci, a canza wani mai tsada, kai kuma kasan tunda yaƙi ya ɓarke a 2023 asibitoci da yawa sun rufe, maganin ma samunsa aiki ne. Kuma maganin dabba da namu dangi ɗaya ne, doksisaikilin da ake ba mai zazzaɓin Malta har sati 6, ciwon da mahauta da masu shan ɗanyar madara suka fi ɗauka, ɗan gidan oksitetrasaikilin ɗin nan ne. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 kai tsaye saboda ƙwayoyin da basa jin magani, kuma Afirka kudu da Sahara ce tafi jin jiki. Ƙasashen Tarayyar Turai tun 2006 suka hana zuba irin maganin nan a abincin dabba don ta yi ƙiba.

Nasan ciyar da rago sati uku asara ce a wannan tsadar, ni zan ɗauka, kada ka damu. Kai dai duk dabbar da zaka saya shafa wuya da cinya, ka tambayi mai ita yaushe rabonta da allura. Wajen fiɗa ka ɗaure maƙoshi da ƙarshen hanji kafin ka ciro kayan ciki, wuƙar kayan ciki daban ta nama daban, ruwan zafi da sabulu tsakanin dabba da dabba, in kanada yanka a hannu ka ɗaure shi ka sa leda. Wanda ka samu ƙurji ko nama ya canza kala a wajen allura kada ka yanke ka sayar da sauran kai kaɗai, kira ni ko likitan dabbobin kwata ya duba tukuna.